Halliru Ci-Daji da Malamarsa Mai Ƙaho

A shekarar da ta biyo bayan wadda fara ta sauka a ƙasar Kazaure ta share gero tun yana tsaye, akwai wani mutum a Kwarin Gawo, wani ɗan ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, ana ce masa Halliru. Sana'arsa ɗinkin hula, amma in ka ce sana'arsa cika baki ba ka yi masa ƙazafi ba, don allurarsa takan huta, bakinsa kuwa bai san hutu ba. Shi ya raɗa wa kansa suna Ci-Daji. In ka yi kuskuren zama a rumfarsa sai ya ba ka labarin yadda ya ɓace wa ayarin fatake a hanyar Agadas, ya shekara yana cin ganye da saiwa, har ya dawo gida da tumbi. Alhali kowa a garin ya san iyakar tafiyarsa Ɓaɓura, nan ma ƙaya ce ta soke shi aka dawo da shi a kan jaki yana salati.

Halliru yana da ciwo guda a zuci, sunan ciwon Tasalla. Bazawara ce mai sayar da kwaɗon rama, mace mai tsabta da kaifin harshe, tana da ɗan lambu a bayan gidanta da take ji da shi kamar ɗan fari. Ya yi zarya ƙofar gidanta har takalminsa ya siɗe. Son da yake mata kam na gaskiya ne, shi ne ma abu ɗaya a rayuwarsa da bai ƙara wa gishiri ba. Ita kuwa amsarta ba ta canzawa: "Malam Halliru, ni na ga yunwar bara. Ba zan auri wanda in rumbu ya yi ƙasa sai dai ya dafa mini labari ba. Namijin da zai iya shiga daji ya fito da abin sa wa a tukunya, shi nake jira."

Da damina ta faɗi, rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi kuma da sauran tafiya. A irin wannan lokaci al'adar garin ita ce Hajja Kaka, wata tsohuwar Babarbariya, ta tattara yara ta kai su bayan gari ta nuna musu ganyen da ake ci da wanda ake gudu. To bana idonta ya dushe, gwiwa kuma ta ƙi. Dagaci Sama'ilu ya tara mutane a ƙofar gidansa ya ce wa zai karɓi aikin. Kowa ya sunkuyar da kai, don maza suna noma, mata suna fama da gida. Halliru ya hango Tasalla a cikin mata, sai kawai ya ji ƙafafunsa sun miƙe da shi.

"Ranka ya daɗe, ana neman ruwa ga kogi a ƙofar gida? Ni da na shekara a dajin Agadas! Akwai ganyen da in na taka shi ma sai ya gaishe ni."

Dagaci ya dube shi, ya dubi jama'a, ya ga ba wani mai motsi. Ya ce, "To, Halliru. Allah ya sa ganyen Kwarin Gawo ma ya san ka."

Hajja Kaka ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Ɗan nan, aikin yana da doka, tun kakata haka ake yi. Wanda ya nuna ganye shi ke fara kai shi baki a gaban yara. Ya tauna, ya haɗiye, a jira sai inuwa ta gusa. In yana nan garau, sannan yara su ci."

"Kaka, wannan ai wasa ne."

"Wasa ne, ɗan nan. Ka dai riƙe shi."

Sai da Halliru ya koma gida ya zauna sannan gumi ya karyo masa. Shi a duniyar nan ganyen da ya sani biyu ne, wanda ke cikin miya da wanda ke kan bishiya. Yana cikin wannan tunani ya ɗaga kai ya ga akuyarsa Kyalla a turke tana tuƙa. Ya zuba mata ido. Ya tuna tun da yake da ita bai taɓa ganin ta kwanta ciwon ciki ba, ga shi kullum bakinta cikin ganye yake. Nan take ya tafa hannu ya ce, "Halliru, kai ne ɗan baiwa! Abin da akuya ta ci, mutum ma zai ci. Ciki ai ciki ne."

Washegari ya fito da yara a bayansa, igiyar Kyalla a hannunsa. Mutane suka yi ta kallo, don an riga an yi shela tun ranar shuka cewa kowa ya turke dabbarsa, wadda aka kama cikin ɓarna kuma mai gona ne zai riƙe ta. Wani dattijo ya ce, "Halliru, ina za ka da akuya da damina?"

"Baba, ƙulafucina take yi. In na fita ban da ita, kuka take har maƙwabta su kasa barci."

Da farko abin ya yi kyau, kuma wannan shi ya ƙarasa lalata shi. Kyalla ta tsaya a kan yaɗiya, wani ganye mai yaɗo a jikin ƙaya, ta kama ci. Halliru ya yi gyaran murya ya ce, "Yara, ku matso. Kun ga wannan? A Agadas sunansa Sarkin Ganye." Wata yarinya mai suna Ma'u ta ce, "Baba Halliru, innata yaɗiya take ce masa." Ya ce, "Wannan sunan mata ne." Ya tsinka ya tauna, aka jira inuwa ta gusa, ba abin da ya same shi. Yara suka cika ƙorai. Kyalla ta matsa kan zaƙi-banza, nan ma aka dace. Ranar gidaje suka dafa ganye, Halliru kuwa ya shigo gari yana tafiya kamar shi ya shuka dajin.

Kwana na gaba Kyalla ta tashi da wani irin marmari. Tana fita ta nufi bagaruwa ta kama cin 'ya'yan. Halliru ya ce, "Wannan shi ne goron matafiya." Ya jefa a baki. Bakinsa ya ɗaure tamau, harshe ya manne da ganda, ya so ya ce alhamdu lillahi ya kasa.

Wani yaro, Daudu, ya ce, "Baba, da daɗi?"

Halliru ya ɗaga kai sama yana ƙifta ido. Da kyar ya ce, "Daɗin manya ne. Ku ba ku kai ba."

"Ai babana da shi yake jima fata."

"To ka gani? Abin da ya gyara fatar sa, ina ga ta mutum!"

Suna gaba Kyalla ta miƙa wuya ta fizgi ganyen tumfafiya. Yara suka yi ca: "Baba, ta ci! Ta ci!" Don zuwa lokacin sun fara lura cewa malam ba ya magana sai akuya ta buɗe baki. Halliru ya dubi farin ruwan da ke ɗiga daga ganyen, ya dubi yara, ya tuna Tasalla. Ya ciza. Bai haɗiye ba, Allah ya taimake shi, amma kafin inuwa ta gusa leɓɓansa sun kumbura sun yi suntum, na ƙasa ya sauko har yana neman gemu. Ya ce, cikin wata murya kamar mai magana a tulu, wannan darasi ne na abin da ba a ci, da gangan ya yi don su gani da idonsu.

A kan hanyar komawa suka gamu da Dela, wata Bafillata mai tallar nono, ta sauke ƙwaryarta a gindin tsamiya tana hutawa. Kafin a ce kwabo Kyalla ta cafke faifan da aka rufe ƙwaryar ta kama tauna.

Yara suka ɗauki ihu: "Baba Halliru, faifai! Faifai ma ana ci! Ka ɗanɗana!"

Dela ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Kai Kaɗo, wane irin kiwo ne wannan? Mu da muka gaji kiwo ba mu taɓa ganin dabba tana jan mai ita ba."

"Ke 'yar Fulani, ilmi ake yi a nan. Faifai da me ake yin sa? Ba kaba ba? Kaba ba daga daji take ba?"

"To bismilla, ga ragowar. Ka ci na gani, in ba ka nono ka kora."

Yara suka kewaye shi suna jira, don doka doka ce. Haka Halliru Ci-Daji, da kumburarren leɓe, ya tsaya a bakin hanya yana taunar gefen faifai, Dela tana dariya har tana dafa bishiya. Kafin magariba labarin ya kai rugage.

Mai hankali da nan zai tsaya. Amma Halliru ya lissafa ya ga an dace sau biyu, an yi tuntuɓe sau uku, saura ƙiris ke nan a yi kunnen doki. Da safe ya sake fita, ya sassauta wa Kyalla igiya ya ce ta yi gaba. Ita kuwa akuya ba ta da wani buri a duniya da ya wuce inda ta taɓa jin ƙanshi. Ta zaga da su ta bayan gari, ta bi wani lungu, ta kutsa ta wata ɓarakar shinge. Halliru ya kutsa, yara suka kutsa. Sai ga su tsakiyar rama da yakuwa da kuɓewa, kore shar, kamar an zana.

Halliru ya ɗaga hannu biyu. "Allahu akbar! Yara, kun ga abin da nake gaya muku? Daji yana ɓoye dukiyarsa ne sai ya ga gwani. Dubi yadda suka fito a jere don biyayya! Ku tsinka, kada ku bar ko ɗaya."

Ma'u ta ce, "Baba, kamar na san wurin nan."

"Duk daji kama yake yi. Tsinka!"

Sun yi nisa da aiki, Kyalla ta gama da layin kuɓewa, sai ƙofar zana ta buɗe. Tasalla ce, da muciya a hannu. Ta dubi lambunta, ta dubi Halliru.

"Malam Halliru, wane daji ne wannan?"

"Tasalla... ai... dajin ne ya matso kusa da gidanki."

"Ya matso har da shingena da tulun ban-ruwana?"

"Abin mamaki ke nan, ni ma yanzu nake cewa..."

"Rufe mini baki, leɓe kamar faifan da ka ci jiya! Wannan ramar ita ce abincina, ita ce sana'ata."

Maƙwabta suka leƙo ta kan katanga, wasu har da hawa turmi. Magana ta kai gaban Dagaci. Tasalla ta ce akuya ta yi ɓarna, a ba ta akuya kamar yadda aka yi shela. Halliru ya zube ya ce a yi masa rai, a ba shi dama ɗaya ya nuna ko shi wane ne. Tasalla ta yi ɗan tunani ta ce, "Ranka ya daɗe, na yarda. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kawo ganyen da ya tsinko daga dajin Allah, ba dajin bayan ɗakina ba, ya dafa da hannunsa, a ci a ƙofar gidanka. In aka ci aka tashi lafiya, na yafe ɓarna, ya kuma turo magabatansa. In ba haka ba, kada ya ƙara taka ƙofata." Dagaci ya ce an yi. Halliru ya fita yana rawar kafaɗa, shi a ransa an riga an shafa fatiha.

Ran Juma'a da sassafe ya fita shi da Kyalla. Ta kai shi kan tafasa, ta kama ci. Ya duba ya ga ganyen duk awakin Fulani sun gutsure shi, tsutsa ta huda sauran. Ya taɓe baki. Wannan ragowar dabbobin zai kai gaban Dagaci da Tasalla? Can gefen wani fako ya hango wani ganye mai kama da tafasar, lif-lif, ba gutsure ba huji, kamar ba a taɓa kallonsa ba. Ya ja Kyalla wurin. Ta shinshina, ta yi atishawa, ta juya masa baya. Ya tura mata a baki, ta toge tana ja da baya.

Halliru ya yi dariya. "Kin san matsayinki ke nan. Wannan tafasar manya ce, shi ya sa ko dabbobi suke jin nauyinta. Yau na wuce inda iliminki ya tsaya." Ya cika buhu.

Abin da ya cika buhu da shi kuwa filasko ne, ganyen da ake jiƙa ɗan kaɗan a ba mutum in cikinsa ya ɗaure.

Ya kulle gida ya dafa shi kaɗai don kada mata su saci sirri. Yana dafawa yana ɗanɗanawa. Ya ji ɗan bauri ya ce alamar ƙarfi ce. Ruwan dahuwar ma ya ga ba zai yi asararsa ba, ya shanye a kasko. Ya daka ƙuli-ƙuli da barkono ya kwaɗa, ya cika akushi. Sannan ya aro babbar riga da wando mai kamun ƙafa wajen maƙwabcinsa, ya ɗaure mazagi tamau, ya tafi masallaci.

Bayan salla ƙofar Dagaci ta cika. Maza a tabarmi, mata a gefe, yara a gaba, Hajja Kaka a kan kujerarta, har Dela ta ajiye tallarta ta zo kallo. Kyalla tana ɗaure a jikin turken dokin Dagaci. Aka buɗe akushi. Liman ya miƙa hannu, sai sandar Hajja Kaka ta sauka tsakaninsa da akushin.

"Gafarta malam, doka. Mai tsinka shi ke farawa."

Halliru ya naɗe hannun riga ya yi loma uku manya-manya, ya lashe yatsu. Ya miƙe ya ce kafin inuwa ta gusa bari ya ɗan ba jama'a tarihin wannan ganye.

"Ranka ya daɗe, ranar da na fara cin sa, zaki ne a gabana, kura a bayana..."

Sai aka ji wani ƙugi, gurrr. Mutane suka ɗaga kai suna duban gabas, suka ga sama tas ba hadari. Halliru ya ɗan tsaya, ya matse ƙafafu, ya ci gaba da ƙaramar murya.

"Na dubi zakin nan na ce masa..."

Gurrrr. Wannan karon dokin Dagaci ma sai da ya ɗaga kunne.

Dagaci ya ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce masa... ranka ya daɗe, ina zuwa!"

Ya tattare babbar riga ya runtuma bayan gari, yana gudu yana kokawa da mazagin da ya ɗaure da hannunsa. Jim kaɗan ya dawo yana share gumi, ya ce ya tuna ne bai rufe ƙofar gida ba. Ya buɗe baki zai koma kan zaki, sai ya rufe, ya juya. Ya dawo ya ce wannan karon tagar ce. A zuwa na gaba bai samu damar faɗin dalili ba. A na bayansa hula ta faɗi bai waiwaye ta ba. Yara suka koma bakin hanya suna yi masa rakiya da kallo, in ya taho su ce sannu da zuwa, in ya juya su ce a dawo lafiya.

Hajja Kaka ta ce a miƙo mata akushin. Ta shinshina, ta laluba da yatsu, ta zaro wani ɗan kwanso mai faɗi, lanƙwasasshe. Ta ce, "Filasko! Tafasa 'ya'yanta dogaye ne sirara kamar tsinke. Wannan da an ba garin nan, da yau ba mai yin la'asar a jam'i." Liman ya dubi hannunsa da ya kusa shiga akushin, ya yi hamdala a fili.

Dagaci ya ce, "To yaran nan da suka yi ta kawo yaɗiya da zaƙi-banza, wa ya nuna musu?"

Ma'u ta ce, "Kyalla ce, ranka ya daɗe. In ta ci, Baba Halliru ya sa masa suna."

Dela ta ce, "A gwada mana mu gani." Aka ajiye akushin gaban Kyalla. Ta shinshina, ta yi atishawa, ta kau da kai, ta miƙa wuya ta kama cin hular Halliru da ta faɗi. Wuri ya kece da dariya, Dagaci ya rufe baki da rawani kafaɗunsa suna rawa.

Daidai nan Halliru ya dawo yana dafa katanga, ido ya faɗa, riga ta yi masa yawa. Ya nemi fuskar Tasalla a cikin mata. Ita kaɗai ce ba ta dariya, kuma wannan ya fi dariyar duka yi masa ciwo.

Ta tashi ta je ta kwance igiyar Kyalla. Ta ce, "Malam Halliru, na ce wanda ya san abin ci a daji shi zai shiga gidana, kuma ba na magana biyu. A cikinku biyu akwai wanda ya sani. Ga ta nan zan tafi da ita."

Dagaci ya ce hukunci ya yi, ɓarna ta biya kanta. Daga gobe kuma a riƙa ɗora Hajja Kaka a kan jaki ana kai ta bayan gari, yara su tsinko ta laluba ta faɗa musu.

Halliru ya tsaya yana kallon Kyalla tana bin Tasalla ba ko waiwaye, har suka shige zauren da ya yi shekaru yana zarya bai wuce dokin ƙofarsa ba. Idonsa ya ciko. Ya juyo ya ga jama'a duk shi suke kallo, sai ya gyara wuyan riga ya ɗaga kai.

"Ku shaida dai," in ji shi, "duk garin nan ba wanda Tasalla ta ga ya isa sai ɗalibata. In ɗaliba ta kai haka, ku yi tunanin malamin..."

Gurrrr.

Bai ƙarasa ba. Ya tattare riga ya nufi bayan gari, dajin da a ranar dai ya san shi ciki da waje.